Ranar da Hajiya Kande Ta Leƙa Tanderu

Duk lokacin da aka kawo sababbin ma'aikata ofishinmu, aka ce in ba su labarin ranar da ta ƙi fita daga raina a wannan aiki, sai in ga sun gyara zama suna jiran zancen ɗakin tiyata ko wani tashin hankali a filin jirgi. Ni kuwa tawa ranar a gidan abinci ta same ni, wani ɗan kedai na 'yan Pakistan a lungun Chow Kit, mai kujerun roba da fanka mai ƙara, ina riƙe da jakar magani a hannu ɗaya, lema a ɗaya.

Sunana Rukayya, tafinta ce ni a sashen baƙi na wani asibitin kuɗi a nan Kuala Lumpur. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: mara lafiya in ya taso daga wata ƙasa, mu muke tarbo shi daga jirgi, mu kai shi masauki, mu raka shi duk inda za a duba shi. Abin da likita ya faɗa mu mayar masa da harshensa, abin da ya faɗa mu mayar wa likita. Akwai mai Larabci a cikinmu, akwai mai Bangali, akwai mai Somaliyanci, ni ce ta Hausa. Ƙa'idar farko da ake koya mana ita ce kada ka ƙara, kada ka rage. Shugabar sashen, Puan Zaiton, 'yar Malay ce mai fara'a, amma ba ta wasa da ƙa'ida. Puan ɗin nan kamar a ce Malama ne ko Hajiya a wajenmu. Ni mijina na biyo da ya zo karatun digiri na uku, muka zauna a unguwar Wangsa Maju. Ya gama aka riƙe shi koyarwa, ni kuma Allah ya ba ni wannan.

A shekarata ta biyu aka haɗa ni da Hajiya Kande. Tsohuwa ce daga cikin birnin Kano, 'yar firit, ta haura saba'in, idonta tar. Autanta, Injiniya Mansur, shi ya kawo ta a yi mata aikin gwiwa, don ta dama ta cinye har ba ta iya sallah a tsaye. Ya ɗauki hutu daga wurin aikinsa a Abuja, ya baro iyali, ya zo ya tare a ɗakinta yana kwana a kan doguwar kujera. Ita ba ta kiransa da komai sai Auta, duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu.

Aka yi aiki, Dakta Tan da ya yi shi ya ce ya yi kyau ƙwarai. To amma irin wannan aiki rabinsa ne kawai a hannun likita. Sauran na mara lafiya ne. Tun washegari masu gashin ƙashi suke zuwa su tsayar da mutum, ya dafa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu ya taka, ko da daga gado zuwa ƙofa ne. In ya daɗe a kwance gwiwar sai ta sandare, wahalar da aka sha ta tashi a banza. Tsayuwa kuma sai da ƙarfi, ƙarfi sai an ci abinci.

Hajiya ta ƙi duka biyun.

Ba wai rigima take yi ba. Da masu gashi sun shigo sai ta juya fuska bango ta ce, "'Yar nan, ki ce musu gobe." In aka kawo abincin asibiti, kunun shinkafar nan mai ɗan kifi a kai, sai ta ɗaga murfi ta leƙa ta mayar. "Wannan shinkafa me ta yi musu suka yi mata haka?" Injiniya ya shiga yin oda daga manyan otal-otal, kaza, kifi, miya kala-kala cikin kwalaye masu kyau. Ta ce komai nasu sai sun sa sukari da kwakwa. Na ce to na gane, abincin gida take so. Na sanar a guruf ɗinmu na matan ɗalibai, nan da nan kuloli suka fara sauka: tuwon shinkafa miyar kuka daga Wangsa Maju, ɗanwake daga Sri Petaling, wata har fura ta dama da yogot. Hajiya ta sa wa kowa albarka, ta tambayi 'yar gidan wane ce, ta kai loma ɗaya baki don kada mai abinci ta ji kunya, sauran ta ce a ba nas-nas. Nas-nas ɗin sashen suka ƙware a cin ɗanwake, Hajiya tana ta ramewa.

Da aka kusa mako ana haka, Dakta Tan ya zo zagayen safe wata Talata, ya duba ta, ya ce in gaya mata: in har zuwa Juma'a ba ta fara ci ba, dole a sa mata robar abinci ta hanci, maganar komawa gida kuma sai a ɗaga. Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ki ce masa hancina na numfashi ne."

Na mayar masa. Ya yi dariya, amma da muka fito baranda babu dariya a fuskarsa. Bayan ya wuce, Injiniya ya fito ya jingina da bango.

"Malama Rukayya, ni na matsa mata ta zo. Cewa ta yi a bar ta da gwiwarta. In wani abu ya same ta a nan, me zan ce wa yayyena?"

Na yi masa addu'a, na ce Allah ya ba ta lafiya.

Akwai wani kedai da nake zuwa tun farkon zuwanmu garin, lokacin muna lallaɓa ɗan tallafin karatu. 'Yan Pakistan ne da shi, amma har na Indiya suna dafawa: shinkafar biryani, miyar waken nan da suke kira dal, kuɓewa soyayya da tumatir, naman rago a ɗan ƙaramin kasko, sai burodinsu na naan da ake gasawa a bakin ƙofa. Abinci ne mai araha, a cika maka faranti, in ka ce a ƙara miya ba mai haɗe maka rai. Ranar da rana na je na yi tapau, wato aka ƙunshe mini in tafi da shi, naan da dal. Ban kai ga ci ba aka kira ni, wai za a ɗebi jinin Hajiya. Na shiga ɗakin da ledar a hannu, na ajiye a kan tebur.

Ana gama ɗibar jini sai na ga Hajiya tana buɗa hanci.

"Wa yake gasa gurasa a garin nan?"

Tun da aka yi aikin, wannan ce tambaya ta farko da ta yi wadda ba "yaushe za mu tafi" ba.

Na ce, "Hajiya, ba gurasa ba ce, naan ne, na 'yan Pakistan."

"To miƙo nan ɗin nan."

Ta warware takardar, ta juya shi ta dubi bayansa, ta ƙwanƙwasa da farce, ta yaga ta shinshina cikin. Ni da Injiniya muka zuba ido muna jiran ta kai baki. Ba ta kai ba.

"A tanderu aka yi wannan. Dubi inda ya kama bango. Amma wuta ta yi masa yawa, kuma sun cika jan ƙullun, shi ya sa ya yi fale-fale. Mai yin, mace ce ko namiji?"

"Namiji ne, Hajiya. Wani dattijo."

"Shi ya sa."

Injiniya ya matso. "Iya, ki ɗan taɓa mana."

"Ya huce. Gurasa a bakin tanderu ake cinta, kai ma ka sani."

Da muka fito ne ya gaya mini cewa sana'arta ke nan tun tana amarya, kuma da ita ta riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu. Su 'ya'yan ne suka taru suka hana ta da gwiwar ta matsa, suka samo mata mai dafa abinci da mai wanki. "Mu a ganinmu ta huta ke nan," in ji shi.

Fitar da mara lafiya daga asibiti kafin a sallame shi ba ƙaramin abu ba ne. Sai likitansa ya yarda, mai kula da abincin marasa lafiya ta faɗi abin da za a ci da wanda ba za a ci ba, ɗan'uwa ya sa hannu, sannan sashenmu ya ba da mota da ma'aikacin da zai raka. Yawanci don zuwa ofishin shige da fice ake yi, ko wata larura irin wannan. Ban taɓa jin an yi don burodi ba.

Puan Zaiton ta saurare ni har na gama, sannan ta cire tabarau.

"Rukayya, tsohuwar da aka yi wa gwiwa za ki kai makan, cin abinci a Chow Kit? Da rana tsaka? Kin san yadda wurin yake cika?"

Na ce na sani, can nake ci.

"In ta zame fa?"

Na ce ba za ta sauka daga keke ba.

Ta kira Dakta Tan a gabana. Ina jiyo muryarsa ta cikin wayar yana cewa in dai za ta ci, ko kan gada ne a kai ta. Puan Zaiton ta ajiye waya ta ɗaga mini yatsa.

"Boleh, na yarda. Amma ku dawo kafin maganin la'asar, gishiri kaɗan, kuma ƙafarta kada ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, ni da ke ne, lah."

Washegari Laraba muka ɗauki motar asibiti mai gangaren hawa da keke. Hajiya ta sa aka ciro mata sabon ɗankwali daga akwati, ta yafa mayafi, har da ɗan turare, ba wanda ya ce ta yi. Muna isa ruwa ya sauko, irin na garin nan da ba ya sallama. Na buɗe lema a kanta, Injiniya ya turo keke da gudu har ƙarƙashin rumfa, sannan ya tsaya yana kallon wurin. Tebura na ƙarfe, jug ɗin ruwa a kan kowanne, talabijin a sama ana wasan kurket, leburori 'yan Pakistan da Bangaladash sun cika ciki suna ci da hannu, ga ma'aikatan ofis 'yan Malay, ga wasu ɗalibanmu 'yan Najeriya biyu a kusurwa suna fama da cinyar kaza.

"Malama Rukayya, nan ne?"

"Nan ne, Injiniya."

"Kin tabbata da tsaftarsu?"

Na ce da cikin ɗana na fari nan na yi ta ci, ga shi can a makaranta lafiya lau, sai rashin ji.

Ba mu roƙi kowa ba, leburorin da ke bakin ƙofa suka miƙe suka ja teburinsu gefe don keke ya wuce. Ɗaya ya dafa ƙirji ya ce mata, "Amma ji," wato uwa. Ita kuwa ko kallon tirarrukan abincin da ke bayan gilashi ba ta yi ba. Ta nuna da haɓa.

"Auta, can."

Tanderun yana daga gefen ƙofa, an gina shi cikin wata kanta ta ƙarfe, bakinsa ya kai ƙugun mutum. Mai gashin dattijo ne mai gemu ja da lalle. Sunansa Gulzar, amma kowa Chacha yake ce masa, wato baffa. Turancinsa kaɗan ne, Malay ɗinsa na kasuwa, nawa ma haka, da su muka haɗa muka yi aiki. Na ce masa wannan uwa daga Najeriya take, ita ma sana'arta ke nan. Ya zaro ido.

"Tandur? A Afirka?"

Hajiya ta tsinci kalmar. "Me ya ce?"

"Tandur, Hajiya. Haka suke kiransa."

"Tanderu dai. Ki gyara masa."

Ta zauna tana kallonsa kamar mai duba jarrabawa. Ya ɗauki curin ƙullu, ya tafa shi tsakanin hannuwa har ya yi faɗi, ya shimfiɗa a kan wani ɗan matashi, ya sunkuya ya manna a ciki. Can kuma ya sa wasu dogayen ƙarafa biyu ya zaro wanda ya gasu.

"Matashi kuma? Hannun nasa fa, ajiya yake yi da shi?"

Daga kan keke ba a ganin cikin tanderun. Ta miƙa wuya, ta sake miƙawa, ta kasa. Na juya ke nan in naɗe lema sai na ji ta ce, "Auta, kama ni." Kafin in waiwayo ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, gefen kanta da ɗaya, ta miƙe tsaye.

"Hajiya! Ƙafarki!"

"Tana nan, ba inda ta je."

Yatsan Puan Zaiton ne ya fara faɗo mini a rai. Sannan na tuna cewa wannan ita ce tsayuwar da masu gashi suka yi kusan mako suna roƙo. Na yi wa direba alama ya ɗauko ƙarfen dafawa daga mota, muka sa mata a gaba, Injiniya ya tsaya a bayanta kamar katanga. Ta leƙa ciki, zafi ya daki fuskarta, ta lumshe ido.

"Gas ne! Shi ya sa. Ba kara, ba itace. Ki ce ya ba ni ƙullu."

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi Injiniya, ya dubi tsohuwar da aka kawo a keke, sai ya yi murmushi ya sa aka kawo mata ruwa a kwano ta wanke hannu. Ta ce curin ya yi ƙanƙanta, ya ƙara. Ta naɗe hannun riga, ta mulmula ƙullun, ta tafa shi da kauri ta yi masa da'ira, irin gurasarmu sak. Ya miƙo mata matashi, ta ture. Ta tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu, ta yi bismilla, ta zura ta manna.

Ƙullun ya tsaya kamar zai zauna, sai ya sulale ya faɗa kan wuta.

Duk kedai ɗin suka ce "Ooo!" a tare, don tuni an bar kallon kurket an dawo kallonmu. Chacha ya sa ƙarfe ya zaro shi baƙi ƙirin.

Hajiya ba ta ko ƙifta ba. "Ki ce masa bangonsa ne ya yi santsi."

Na faɗa. Ya girgiza kai yana dariya, ya ce in gaya mata ruwan hannunta ne ya yi yawa, wannan tanderu ba ya son ruwa. Ban taɓa jin wanda ya gyara wa Hajiya zance ya kwashe lafiya ba, amma aikina ne in faɗa, na faɗa. Ta dube shi. Sai kawai ta fashe da dariya, dariyar da ban san tana da ita ba, har tana dafa ƙarfe.

"Yana da gaskiya, ɗan banza."

Na ce wa Chacha ta ce yana da gaskiya. Sauran na bar shi a Hausa.

Ta yarfe hannu, ta sake ɗaukar wani. Wannan karon ya kama bango daram. Muka zuba ido yana kumbura, yana yin ja a gefe, ƙamshi ya tashi. Da Chacha ya zaro shi, leburori suka tafa, ɗaliban nan namu suka taso da waya suna ɗauka, ɗaya yana cewa, "Mama, wallahi kin wanke mu!" Ta ƙara manna wasu, sannan ta ce a zaunar da ita, gumi yana zuba a goshinta. Chacha ya yagi gefen tata ya tauna a hankali, ya ce a ƙauyensu mahaifiyarsa irin wannan mai kaurin take yi, sai dai mutanen birni sun fi son mai fale-fale. Da na mayar mata, ta gyaɗa kai.

"To uwarsa ta san abin da take yi."

Aka kai mu tebur, aka ajiye gurasa a tsakiya tana tururi. Hajiya ta dube ta, ta dubi ɗanta.

"Haka za a ci ta, gaya? Ina ƙuli?"

Na buɗe baki in ce babu ƙuli-ƙuli a Chow Kit, sai na ga Injiniya ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya karɓi lemata ya fita cikin ruwa, ya dawo da soyayyar gyaɗa daga wajen wata mai sayar da shinkafar kwakwa a maƙwabta. Chacha ya ba shi ɗan turmin dutse, ya kuma kawo wani gasasshen wake nasu ya ce a haɗa, don kada gyaɗar ta yi mai ta dunƙule. Injiniya ya naɗe hannun riga, ya daka da barkono da citta, gishiri ɗan kaɗan saboda ina tsaye a kansa. Ya tsoma gurasa a ruwan ɗumi ya zare, ya barbaɗa garin, ya yaryaɗa mai, ya watsa albasa da tumatir da kokwamba, ya yayyanka. Hannunsa ko gardama ba ya yi. Bandashe sosai, a kan farantin ƙarfe na 'yan Pakistan.

Na ce, "Injiniya, ashe ka iya?"

"Malama Rukayya, da wannan na yi firamare. Kullum sai na kai tire bakin kasuwa kafin in wuce makaranta."

Hajiya ta ce, "Rabi yake kaiwa, rabi a cikinsa."

Na zaci yanzu za ta ci. Ina! Rabo ta fara. Ta sa aka kai wa Chacha, aka miƙa wa leburorin teburin kusa, aka ba ɗalibai, aka kira direba. Ta turo mini nawa. "Ci, 'yar nan, duk kin rame." Ta bi kowa da ido tana kallon bakinsa. Wani ɗan Bangaladash yaji ya kama shi ya shiga neman ruwa, ta ce a ƙara masa don ya saba. Sai da ta ga kowa yana tauna, Chacha ya ɗago mata babban yatsa daga bakin tanderu, sannan ta jawo farantin gabanta, ta yi bismilla, ta kai loma. Ta ƙara. Ta ƙara.

Ba wanda ya ce uffan a teburin, kada mu yi magana ta tuna. Chacha ya aiko da naman rago mai laushi da kuɓewa. Ta ɗanɗana kuɓewar ta ce, "Soya ta suka yi, Allah ya shirye su," amma sai da ta share kwanon da gurasa. Aka kawo shayi mai madara, na ce a rage sukari, ta harare ni ta shanye. Injiniya kuwa ya juya mana baya ya kafa wa kurket ido, wasan da na tabbata bai san kansa ba, yana goge fuska da hankici. Da ya ga na gan shi ya ce yaji ne.

Muka koma kafin maganin la'asar. Na wuce kai tsaye ofishin Puan Zaiton na ce mata ƙafa dai ta taɓa ƙasa.

Ta miƙe. "Ta faɗi?"

"A'a, ta tsaya ne. Ta gasa burodi."

Ta dube ni. "Ta ci?"

"Ta ci, har da ƙari."

Ta koma ta zauna. Ta ce in rubuta duk abin da ya faru a kai wa Dakta Tan, kuma nan gaba in zan yi irin wannan in tafi da ɗaya daga masu gashi, don ba kullum ake sa'a ba. Na ce to. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Burodin, ba ki tapau mini ko kaɗan ba?"

Da safe masu gashi suka shigo a ɗarare, suna jiran a ce musu gobe. Hajiya tana zaune a bakin gado, ta riga ta sha shayi da ƙwai.

"'Yar nan, ki ce su zo su yi gashinsu. Kowa da irin nasa."

Ranar ta taka har baranda. Juma'a ta zo ta wuce ba wanda ya sake tayar da zancen roba. Ta yi gardama da kowa a sashen, ta ce ƙarfen dafawa ya yi mata tsawo, ta ce mai gashin ba ta da haƙuri, amma kullum sai ta ƙara nisa, don ta ƙudurta sai ta koma ta nuna wa Chacha yadda ƙullu yake in ya kwana. Kuma ta koma, kwana kaɗan kafin su tashi, da sanda a hannu, da ƙafarta ta shiga. Suka yi ta musu a bakin tanderu a kan yis da gishiri, ni a tsakiya, har maƙogwarona ya bushe. Ba wanda ya yarda an kayar da shi. Da za mu tafi ya naɗe mata naan mai zafi a takarda, ita kuma ta ce in gaya masa in ya je aikin hajji ya nemi 'yan Kano, za su nuna masa gurasar gaskiya.

Abin da nake gaya wa masu shigowa aikin nan shi ne, da na ɗauka tafinta harshe kawai yake juyawa. Na yi kusan mako ina fassara "ba na jin yunwa" daidai, kalma da kalma, alhali ba abin da matar take faɗa ke nan ba. Mace ce da ta yi rayuwarta tana ciyar da mutane, aka ɗauko ta aka kwantar, kowa yana miƙo mata, ba mai neman komai a wajenta. Tun daga lokacin, in aka haɗa ni da sabon mara lafiya, bayan gaisuwa nakan tambaye shi sana'arsa kafin in tambayi inda yake masa ciwo. An taɓa kawo wani tsohon tela daga Zariya da ya ƙi kula kowa. Na zo masa da rigata da hannu ya ɓalle, da allura da zare. Ya zage telan da ya ɗinka ta tas, ya gyara, da yamma ya ce a kawo masa shayi.

Mu ma'aikatan asibiti mun iya yi wa mutum komai: mu ɗaga shi, mu juya shi, mu ba shi a baki, har magana mu yi masa. Abin da muke yawan mantawa shi ne mu bar masa wani abu ɗaya da shi zai yi mana.